Salisu Yusuf da Goron da Ba na Zumunci Ba

Duk inda masu son ƙwallo suka zauna a ƙasar Kano, daga majalisun Fagge zuwa gidajen kallo na Bichi da Dambatta, da wuya a ambaci sunan Salisu Yusuf a tashi lafiya. Wasu su ce gwarzo ne da aka haƙa wa rami saboda ɗan Arewa ne, wasu su ce mutum ne da dala dubu ta tona wa asiri. Na daɗe ina sauraron ɓangarorin biyu, na kuma lura cewa kalma guda ce take riƙe da gardamar, wato kyauta. Masu kare shi ba su musa cewa ya karɓi kuɗi ba, shi kansa ma bai musa ba. Abin da suke cewa shi ne kyauta aka ba shi, Bahaushe kuwa ba ya mayar da hannun kyauta baya. Da wannan kalma nake da rigima. Ina cikin masu ganin Salisu Yusuf yana sahun gaba a masu horar da 'yan wasa da Arewa ta taɓa fitarwa, kuma wannan ne ma ya sa ba zan yarda a wanke shi da sunan al'ada ba, domin ruwan wankin a kan yaranmu na karkara yake zuba.

Adalci ne a fara da abin da mutumin ya gina, tun da rayuwarsa ba daga faifan bidiyo ta soma ba. A Zariya aka haife shi a 1962. Ɗan wasan tsakiya ne a zamaninsa, ya taka leda a Ranchers Bees ta Kaduna da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, ƙungiyoyin da suka hana a manta da Arewa a lokacin da Legas da Ibadan da Inugu suke rabon kofuna a tsakaninsu. Ranchers Bees ce ta kai wasan ƙarshe na gasar masu kofuna ta Afirka a 1988, El-Kanemi kuma ta ɗauki Kofin Ƙalubale shekara biyu a jere, 1991 da 1992. Ba a san Salisu da wasa a Turai ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ake auna darajar tsohon ɗan wasa da sunan ƙungiyar Turawan da ya taɓa sa rigarta. Stephen Keshi da Samson Siasia da Sunday Oliseh sun dawo daga Beljiyam da Faransa da Jamus da suna a hannu, ana buɗe musu ƙofa tun kafin su yi sallama. Shi daga tushe ya faro. Ya bi ta Nasarawa United da Lobi Stars, yana koyon sana'ar a filayen da ƙura ta fi ciyawa yawa, da doguwar tafiyar mota daga wannan jiha zuwa waccan, da 'yan wasan da za a ce su mutu a fili alhali suna bin bashin albashi.

A 2008 yana kan bencin Kano Pillars tare da Kadiri Ikhana lokacin da ƙungiyar ta lashe gasar firimiya ta Najeriya karo na farko tun kafa ta a 1990. Ina yaro a lokacin, a rediyon mahaifina labarin ya iso mana, amma na ga yadda "Sai Masu Gida" ta zama kirarin kowane yaro mai buga ƙwallon tsumma a ƙauyenmu. A 2013 kuma ya ɗaukar wa Enyimba ta Aba Kofin Tarayya, bayan ta doke Warri Wolves da bugun fanareti a Legas.

Daga nan sai ƙungiyar ƙasa, inda ya daɗe a kujerar da aka saba ajiye kocin gida a kanta, kujerar mataimaki. Ya yi wa Keshi, ya yi wa Oliseh, ya yi wa Siasia. A watan Mayun 2016, da aka rasa mai riƙe Super Eagles, aka miƙa masa riƙon ƙwarya, ya doke Mali da ci ɗaya da nema, ya doke Luksambok da ci uku da ɗaya. Ladan da ya samu shi ne hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, ta sanar da Bafaranshe Paul Le Guen a samansa. Da wannan ya ƙi zuwa, aka ɗauko Bajamushe Gernot Rohr. Aka bar wa Salisu 'yan wasan da ke taka leda a gida, waɗanda ba a cika ba su lokacin atisaye ko kuɗin sansani ba, ya kai su wasan ƙarshe na kofin Afirka ta Yamma a Gana a 2017, ya sake kai su wasan ƙarshe na gasar CHAN a Maroko a watan Fabrairun 2018. Sun sha kashi a duka biyun, huɗu da ɗaya a hannun Gana, huɗu da nema a hannun Maroko, amma kafin shi babu wanda ya taɓa kai Najeriya wasan ƙarshe a CHAN. Wanda ya ce ana wulaƙanta kocin gida a ƙasar nan bai yi ƙarya ba. Shu'aibu Amodu sau biyu yana samo wa Najeriya gurbin kofin duniya, na 2002 da na 2010, sau biyu ana sallamarsa kafin a hau jirgi. Duk wannan na yarda da shi, ba kuma da rabin baki ba.

Sai ga watan Yulin 2018. BBC ta fitar da faifan da ayarin Anas Aremeyaw Anas, ɗan jaridar nan na Gana mai rufe fuska, suka ɗauka a asirce tun watan Satumban 2017, lokacin gasar Afirka ta Yamma. Wasu mutane sun je wa Salisu a matsayin dillalan 'yan wasa, suka yi masa maganar 'yan wasa biyu, Rabi'u Ali na Kano Pillars da Osas Okoro na Rangers, da batun sa su cikin tawagar CHAN, sannan suka miƙa masa kuɗi, ya karɓa. Masu faifan sun ce dala 1,000 ce. Shi ya ce dala 750 ce, kuma kyauta ce da ba ta taka kara ta karya ba, ba ta kuma sauya masa zaɓi ba. A watan Satumban 2018 kwamitin ɗa'a na NFF, ƙarƙashin Malam Nuhu Ribaɗu, ya yanke cewa da saninsa da ganinsa ya karɓi kuɗin, ko da yake ba a tabbatar cewa kuɗin ne suka sa ya zaɓi 'yan wasan ba. Aka dakatar da shi shekara guda, aka ci shi tarar dala 5,000. Iyakar abin da ya tabbata ke nan, ba zan ƙara masa ko ƙwayar gero ba, domin abin da ya tabbata ɗin ya isa a yi magana.

Masu cewa al'adarmu ce ta kyauta suna yi wa harshen Hausa ƙage. Kakanninmu ba su tara duk abin da hannu ya miƙa wa hannu a kalma ɗaya ba. Akwai tsaraba, ta wanda ya dawo daga tafiya. Akwai tukuici, na ɗan aiken da ya kawo alheri. Akwai goron Sallah, da gudummawar biki, da toshin da saurayi yake kai wa gidan budurwa, da sadakar da ake neman lada da ita. Can gefe guda kuma, nesa da waɗannan, suka ajiye toshiyar baki da cin hanci. Mutanen da suka yi wannan rarrabewa sun san cewa ba girman abin da aka bayar ne yake raba su ba. Wanda ya bayar, da wanda aka ba, da abin da ke tsakaninsu a wannan lokaci, su ne ma'auni. Baƙon da ba ka taɓa gani ba, wanda ya gabatar da kansa da cewa shi dillalin 'yan wasa ne, ya ambaci sunayen mutum biyu da takardar zaɓensu take aljihunka, sannan ya zaro daloli, ba zumunci ya zo ƙullawa ba. Ko tsohuwar da ba ta taɓa ganin filin ƙwallo ba, a kwatanta mata wannan zama, za ta faɗi sunan abin.

Addinin da muke taƙama da shi ma ya riga ya rufe wannan ƙofa. Sananne ne labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka, ya dawo ya kasa dukiyar gida biyu, kashi ɗaya na baitulmali, ɗaya kuma wanda ya ce shi aka ba kyauta. Ba a keɓe aka yi masa faɗa ba, a kan mumbari aka yi maganar, aka kuma kafa ma'aunin da har yau ba a samu wanda ya fi shi ba: da yana zaune a gidan iyayensa babu muƙami, kyautar za ta same shi? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma, a Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin ɗabi'un mulkin zalunci da ya tashi yaƙa. Abin mamaki ne a ce mu da muka gaji wannan karatu, mu ne za mu tsaya muna koya wa duniya cewa karɓar kuɗi daga hannun mai neman alfarma ladabi ne.

To me ya haɗa ɗan ƙauye da abin da ya faru a wani ɗakin otal a Gana? Sai mai karatu ya san ƙasar da na fito kafin ya gane.

A arewacin Kano babu daji. Daga Dawakin Tofa ka miƙa Bichi, ko ka ratsa Minjibir ka nufi Dambatta da Makoɗa, gona ce take bin gona, sai dai gamba ko lalle ya nuna maka iyaka, sai gawo da ɗorawa da kuka da aka bari don amfaninsu. Tun a shekarun 1960 masanin nan Michael Mortimore ya yi rubutu a kan yadda manoman kewayen Kano suke noma ƙasa ɗaya kowace damina ba hutu, suna riƙe ta da takin da jakuna suke kai wa a mangala. Abin alfahari ne, amma ƙasa ba ta haihuwa. Gonar da kakana ya noma shi kaɗai an raba ta tsakanin 'ya'yansa, an sake raba ta tsakanin jikoki, har rabon wani ba ya ciyar da gidansa zuwa wata damina. Wanda Allah ya sa yake kusa da madatsar Watari a Ɓagwai ko ta Tomas yana samun noman rani. Sauran, da an shigar da dawa, sai ci-rani: acaba a Legas, ga-ruwa a Abuja, dako a Dawanau. A irin wannan wuri ƙwallo ba wasa kawai ba ce a idon saurayi. Ya ga Ahmed Musa ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kaka guda, ya tafi Holan, ya wuce Rasha, ya isa Leicester, ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya zura wa Ayislan biyu a 2018. Ya san cewa cikin dubu ɗaya ne yake kaiwa can, ba wawa ba ne. Amma ya kuma san cewa wannan ce sana'a guda da ba a tambayar takardar makaranta ko sunan uba, ƙafa kawai ake kallo.

Aƙalla haka aka gaya masa. Yaron birni mai gata yana da makarantar koyon ƙwallo da ake biya, yana da wanda zai ɗauke shi bidiyo mai kyau, yana da kawu da ya san wani a hukumar wasanni. Yaron da yake bugawa a filin makarantar firamare, ko a gonar da aka girbe ana tsallake tushiyar kara, ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan. Kofin da yake bugawa ma na 'yan siyasa ne, wanda yake tsirowa idan zaɓe ya ƙarato, a raba riguna masu hoton ɗan takara, a bace sai bayan shekara huɗu. Jarinsa guda ne a duniya: wata rana idon wani koci mai gaskiya ya faɗa kansa, ya ga abin da yake gani, ya rubuta sunansa don abin da ya gani. Idan aka sa wa wannan ido farashi, kowane irin farashi, an fitar da shi daga kasuwar. A lokacin da aka ɗauki faifan nan dala tana kai naira 360 a Wapa, mafi ƙarancin albashi kuma naira 18,000 ne. Kuɗin da ake ce mana ba su taka kara sun karya ba, albashin wata ashirin ne na ƙaramin ma'aikaci. Ko da an karɓi lissafin dala 750, wata goma sha biyar ne. Manomin gero kuwa ko albashin ba shi da shi.

Na ga yadda abin yake sauka ƙasa da idona. Ɗan baffana yana da ƙafar hagu da duk ƙauyukan da ke kewaye da mu suka sani. Wata shekara bayan kaka wani mutum ya zo daga birni da takardu masu tambari, ya ce za a yi gwajin ɗaukar 'yan wasa, a sayi fom. Baffa ya sayar da tunkiya da buhun gyaɗa, ya biya fom, ya sayi takalmin ƙwallo na gwanjo, ya ba shi kuɗin mota. Kwana uku yaron ya yi yana kwana a barandar wani shago. Aka sa shi a fili na ɗan lokacin da bai kai a sha shayi ba, ya ci ƙwallo, aka tafa masa. Da yamma wani daga cikin masu shirya gwajin ya ja shi gefe, ya ce koci ya yaba, saura a ga koci. Da ya dawo na tambaye shi yadda aka ƙare, sai ya ce, "Yaya, ai na ɗauka ganinsa za a yi da ido. Na ce ga ni, sai suka yi dariya." Baffa bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, da ka aiko an gaya mini, ai da na jinginar da gayaunar nan ta bakin hanya." Wannan magana ta fi ɓata mini rai a kan abin da aka yi wa yaron. Dattijo mai tsoron Allah, wanda ba ya cin ƙwayar hatsin wani, ya riga ya sallama cewa haka ake yi, har yana ganin gazawarsa ce da bai kai nasa ba. Yaron yana Legas yanzu yana tura baro.

Babu hannun Salisu Yusuf a wannan, bai san yaron ba, bai san masu gwajin ba. Amma ƙananan masu cin wannan kasuwa suna buƙatar abu guda don su ci gaba da ci, wato kowa ya yarda cewa daga sama har ƙasa haka abin yake. Faifan 2018 ya ba su wannan hujja a kyauta. Duk lokacin da wani mai ilimi ya zauna a gidan rediyo ko a majalisa ya ce ai ba komai ba ne, goro ne, yana sa hannu ne a takardar mutumin da ya ja ɗan baffana gefe.

Ana cewa ai 'yan wasan biyu da ma sun cancanta, saboda haka ba a cuci kowa ba. Sun cancanta ƙwarai, babu kuma wanda ya same su da laifi. Rabi'u Ali, wanda Kanawa suke kira Pele, yana cikin waɗanda suka ɗaukar wa Pillars kofin firimiya sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, yana kuma cikin waɗanda suka ci ƙwallo ranar da Najeriya ta farke uku da Maroko ta zura mata, ta yi nasara huɗu da uku a CHAN ta 2014. Irin wannan ɗan wasa ba ya buƙatar a saya masa gurbi. To shi ne na farko da aka cuta, domin an jefa sunansa cikin zancen da bai san hawa ba bai san sauka ba, aka ba 'yan adawa abin gori a kan gumin da ya yi shekaru yana zubarwa. Kocin da ya san darajar ɗan wasansa, da jin an haɗa sunan da kuɗi, tashi zai yi ya nuna wa baƙon ƙofa.

Ana cewa tarko aka ɗana masa. An ɗana, kuma akwai masu sukar salon aikin Anas ko a Gana. Sai dai duk yaron da ya taɓa ɗana wa kurciya tarko a bayan gari ya san cewa wadda ta sauko kan tsaba ce kawai yake kamawa. Ana kuma cewa don ɗan Arewa ne. Wannan ita ce hujjar da ta fi arha, ita ce kuma ta fi cutarwa, domin tana mayar da kowane bincike yaƙin ƙabila. Binciken Anas ɗin nan shi ya kayar da Kwesi Nyantakyi, shugaban hukumar ƙwallon Gana, har FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo. Samson Siasia ba ɗan Arewa ba ne, amma a 2019 FIFA ta yi masa haramcin har abada a kan wata tuhumar, kafin kotun wasanni ta duniya ta mayar da shi shekara biyar. A Ingila, Sam Allardyce kwana 67 ya yi a kujerar kocin ƙasa, wasa ɗaya ya jagoranta, ya kuma ci shi, amma da 'yan jaridar Daily Telegraph suka ɗauke shi a asirce a 2016 ya rasa aikin, alhali ko kuɗi bai karɓa a hannu ba. Shi Salisu kuwa, Aba ce ta ba shi amanar Enyimba, kuma da wa'adin dakatarwarsa ya cika a 2019, Rangers ta Inugu ce ta ɗauke shi. Idan makircin ƙabila ne, to masu makircin sun yi sakaci.

Hujjar da take da nauyi ita ce ta albashi. Keshi ya ɗauko kofin Afirka a 2013, a shekarar nan kuma ya yi wata bakwai ba a biya shi ba. Oliseh da ya ajiye aiki a watan Fabrairun 2016, rashin biyan haƙƙi yana cikin dalilan da ya bayar. Hukumar da take barin ma'aikatanta da yunwa, sannan ta tura su otal-otal inda dillalai suke shawagi, ba ta da bakin yin wa'azi, kuma kwamitin da ya hukunta koci bai taɓa zama ya hukunta wanda ya riƙe albashin koci ba. Amma a bi wannan hujja zuwa ƙarshenta a ga inda take kaiwa. Idan hukuma ta hana koci haƙƙinsa, shi kuma ya rama a hannun dillali, dillali ba daga aljihunsa zai biya ba, daga ɗan wasa zai cire, ɗan wasa kuma daga rumbun ubansa. Bashin da Abuja ta ƙi biya sai ya gangaro har ya tsaya a kan tunkiyar baffana. Ban ga dalilin da zai sa mu, da muke can ƙarshen layin, mu zama masu ba da wannan uzuri ba.

Ba ina cewa a binne mutum da ransa ba ne. Ya yi wa'adinsa, kuma ba daidai ba ne a hana shi cin abinci da sana'ar da ya ba rayuwarsa. Da ƙungiyoyi kawai ya koma, inda mai ƙungiya yake sa ido a kan kuɗinsa, da ban ce uffan ba. Amma a watan Nuwamban 2021 NFF ta mayar da shi ƙungiyar ƙasa, daga baya kuma shi ya jagoranci 'yan wasan gida da 'yan ƙasa da shekara 23. A duba waɗannan kujeru biyu. Babban kocin Super Eagles yana zaɓe ne cikin taurarin da duniya ta riga ta sani, ba mai sayen gurbi ga wanda yake bugawa a Ingila ko Italiya. Kocin 'yan gida da na matasa shi ne yake tsaye a bakin ƙofar da yaron da ba a sani ba yake bi ya zama sananne, inda gayyata guda take iya sauya farashin ɗan wasa da rayuwar gidansu. Kujerar da aka same shi da laifi a kanta, ita aka mayar masa, ba tare da an fito an gaya wa jama'a abin da aka gyara ba: wa yake duba jerin sunayen, wa aka hana shiga sansani, ina yaro zai kai ƙara idan an ce ya ga koci. Gana ta fitar da 'yan gidan da bugun fanareti a Abuja a 2022, Gini ta fitar da matasan a 2023, amma ba zan kafa hujja da wannan ba, domin koci mai tsarkin hannu ma yana shan kashi. Ko da kofunan ya ɗauko, tambayar tana nan.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Daga Salisu Yusuf, magana guda da Hausa, a gidan rediyon da manoma suke saurare, cewa abin da ya karɓa ba kyauta ba ce, kuma duk wanda ya ce wa yaro ya kawo kuɗi a ga koci ɓarawo ne. Babu wanda maganarsa za ta yi nauyin tasa a wannan batu, domin shi ya hau tsanin daga matakin farko, shi ya ɗanɗana faɗuwar, kuma har yau ƙananan masu horarwa a Kano da Kaduna suna kallonsa a matsayin uba. Masu kare shi da kalmar kyauta suna hana shi wannan matsayi ne, suna tsare shi a inda faifan ya bar shi.

Daga Kano Pillars kuma, wadda gwamnatin jiha ce take riƙe da ita da dukiyar ƙananan hukumomi 44, ba ta birni kaɗai ba, ina neman ta fito daga Ƙofar Mata sau ɗaya a shekara. Daga filin wasa na Sani Abacha zuwa Bichi tafiyar ba ta kai ta zuwa Kaduna ba, balle Aba ko Fatakwal da motar ƙungiyar take zuwa kowace kaka. A yi gwaji a Bichi, a yi a Dambatta, a yi a Kunci da Tsanyawa, babu kuɗin fom, babu ɗan tsakiya. A sanar a rediyo cewa kyauta ne, don duk wanda ya zo da takarda mai tambari yana neman kuɗi a san ko wane ne. A liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka a bangon sakatariyar ƙaramar hukuma, da sunan kocin da ya zaɓa a ƙasan takardar, yadda bayan shekara biyu kowa zai iya zuwa ya ga ko idonsa ya gani daidai. A sa ranar bayan an gama shigar da dawa, kafin samari su watse ci-rani, kada kuma ta faɗa ranar kasuwa.